Yadda Shodmon Mai Takalma Ya Sami Baki

An haifi Shodmon a wani ƙauyen manoman auduga da ke kwarin Hisor, shekara goma sha ɗaya kafin babban yaƙin duniya na biyu. Yana ɗan shekara biyar agana ta shiga ƙauyen. Ta ɗauke ƙannensa biyu a mako guda, shi kuwa ta ƙyale shi da ransa, amma ta bar masa fuska duk zanzana, daga goshi har haɓa. Yaran unguwa suka laƙa masa Rariya. Ya yi dambe a kan sunan, ya yi kuka, da ya ga ba mai fasawa sai ya koyi sunkuyar da kai. Mahaifinsa ya tafi fagen fama, takarda ce ta dawo a madadinsa, mahaifiyar kuma ba ta ga ƙarshen hunturun da ya biyo baya ba. Ya ƙarasa girma a gidan baffansa, inda ake ba shi abinci ba gori, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke ransa.

Yana da ashirin da biyu ya hau bayan motar auduga ya shigo Dushanbe, ya sami aikin dako a gidan shirya fina-finai. Wata rana Usto Rahmin, wato gwani Rahmin, tsohon da ke haɗa ƙarar abubuwa a fim, ya tarar da shi a bayan ɗaki yana kwaikwayon tafiyar mai gadi da tafin hannunsa a kan akwati.

"Sake," in ji tsohon.

Ya sake, yana zaton faɗa za a yi masa.

"Daga gobe ka bar dako."

Haka ya sami sana'a. In jarumi ya yi tafiya a majigi, Shodmon ne ke takawa a cikin akwatin tsakuwa. In an turo ƙofa, shi ke murɗa tsohon ƙyaure ya yi ƙara. Yana da takalma sun fi ƙafa sittin jere a kanta, na soja da na amarya da na tsoho mai jan ƙafa. Masu kara suna kiransa Mai Takalma. Sunan ƙauye ma bai bar shi ba, wani direba ɗan garinsu ya kawo shi birni ya raba wa kowa. Duk da haka aikin ya dace da shi, don a cikin duhu ake yinsa, idon kowa na kan majigi.

A hawa na biyu akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Nan Mehrinisso ke zama tana buga takardun fassara a tafireta, wato maganganun da 'yan wasa za su ɗora wa fina-finan da aka kawo daga waje, don mutanenmu su ji da harshensu. Shan inna ya taɓa ta tun tana rarrafe, ƙafarta ta hagu ta gaza, tana sa takalmi mai kaurin ƙasa. Ta kai talatin ba aure. Tana zaune da yayar mahaifiyarta, Hola Bibigul, wato Inna Bibigul, wadda ta rene ta. Kullum ƙarfe tara takan sauko da takardu ɗakin ɗaukar murya, kuma tun daga saman bene Shodmon ke gane takunta, ɗaya mai nauyi, ɗaya kamar na kyanwa. Sai ya tashi ya ja mata ƙatuwar ƙofar ɗakin, ya tsaya a bayan ƙofar inda ba za ta gan shi sosai ba. Ta ce, "Na gode," tana kallon ƙasa. Ya gyaɗa kai. Shekara huɗu iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan.

Da bazarar 1963 aka kawo wani fim marar launi daga nesa. Ba yaƙi a ciki, ba rawa. Labarin wani mutum ne mai gadin mararrabar jirgin ƙasa a wani fili da ba kowa, da wata mata mai raba wasiƙu a keke, da ke wucewa ta wurin kullum. Dukansu sun manyanta, dukansu kunya ta hana su sakat. Aka ba darakta Sabohat-apa, wato Yaya Sabohat, aikin jagorantar ɗora masa murya. Gajeriyar mace ce mai muryar maza, taba ba ta barin bakinta, kuma ko shugaban gidan yana shakkarta. Aka kawo mata Burhon da Dilafruz, manyan 'yan wasan dandali, waɗanda hotunansu ke liƙe a kowace rumfar shayi.

Kwana uku ana abu ɗaya. Akwai wurin da mai gadin ya tara duk ƙarfin halinsa ya tsayar da matar, ya ce mata ya dafa shayi, ya yi masa yawa shi kaɗai. Burhon ya buɗe ƙirji ya faɗi maganar har gilashin taga na rawa.

"Burhon-jon," in ji Sabohat-apa, "tayin shayi mutumin nan yake yi, ba gari ya zo ci da yaƙi ba. Sassauta."

Ya sassauta, ya fito kamar sarki yana yafe wa bawa. Aka sake sau goma sha huɗu. A na goma sha biyar Burhon ya yar da takardar.

"Apa, shekara ashirin ina kan dandali. In muryar wanda bai iya magana ba kike nema, ga Rariya can a kan tsakuwarsa, ba shi ya faɗa mana mu koya."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Sabohat-apa ba ta yi ba. Ta kashe tabarta, ta juya.

"Shodmon, zo nan."

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya zo gaban makirfo da takalmin soja a ƙafa ɗaya, safa a ɗayar. Aka kashe fitila, hoton ya dawo, mai gadin ya bayyana yana murza hularsa a hannu. Shodmon ya dube shi, sai ya ga ai ya san mutumin nan. Da bakin mutumin ya motsa, ya ji kansa yana cewa, "Na dafa shayi. Ya yi mini yawa ni kaɗai." Muryar ta fito mai zurfi, a hankali, ta ɗan karye a tsakiya inda numfashi ya ƙare masa.

Can Sabohat-apa ta ce wa mai na'ura, "Ka ɗauka?" Ya ce ya ɗauka. Ta ce, "Kada ka goge."

Burhon ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita. Dilafruz ta bi shi, tana cewa ita ba ta tsayawa makirfo ɗaya da ɗan dako.

Washegari ba macen da za ta amsa masa, don haka Sabohat-apa ta riƙa karanta maganar mai wasiƙu da kanta, kafin a sami wata. Ta zo amsar tayin shayin, shafin ya ɓace mata, tana ta birkita takardu tana zagi ƙasa-ƙasa. Mehrinisso na tsaye bakin ƙofa da sababbin takardu a ƙirji. Sau uku ta buga fassarar nan, ta haddace ta. Ba ta san lokacin da ta faɗa ba, murya ƙasa, don ta taimaka kawai: "Ni ba na shan shayi. Amma zan zauna har ya huce."

Sabohat-apa ta ɗago kai. "Wa ya yi magana?"

"Yi haƙuri, apa, ni ce. Shafi na ashirin da shida ne."

"Ajiye takardun. Zo ki tsaya kusa da shi."

"Apa, ni ban iya ba."

"Waɗanda suka iya sun tafi jiya. Zo."

Kwana goma sha biyu suka yi a gaban makirfo ɗaya, kafaɗa kusa da kafaɗa. Ranar farko takardar hannunta na rawa har na'ura tana ɗaukar ƙarar, sai da Shodmon ya karɓa ya riƙe musu su biyu. Rana ta uku ta yi kuskure, ta kira mai gadin da sunan jirgin, ta yi dariya, ya ji dariyarta karo na farko. Rana ta biyar ta zo da sambusar kabewa a ƙunshe cikin tsumma. Da aka tashi shan shayi kowa ya fita tsakar gida, su biyu suka zauna a kan akwatin tsakuwa, ƙunshin a tsakaninsu.

Sun ci biyu-biyu. Sannan ta ce cikin girmamawa, "Shodmon-ako, yaya kake sanin ni ce? Kullum kafin in iso ka buɗe ƙofa."

"Takunki," ya ce.

Fuskarta ta canza. Ta ja ƙafar hagun ta ɓoye a bayan ta dama. "Na sani. Duk gidan nan ana jin sa. Da da hali, da na cire takalmin na sauko da safa."

"Kada ki cire." Ya lalubo sauran maganar da ƙyar. "Mutum ɗari ke hawa benen nan kullum. Ban taɓa tashi don ko ɗaya ba."

Ta tura masa sambusar da ta rage, ya raba biyu ya miƙa mata rabi.

Da aka gama, manyan gidan suka taru a ƙaramin ɗakin kallo don su yanke ko za a saki fim ɗin, domin Burhon ya riga ya kai ƙara cewa an ba 'yan koyo aikin ƙwararru. Shodmon na tsaye a waje, bai shiga ba. Daga baya mai na'ura ya ba shi labari. Da aka kunna fitila shugaban ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya tambayi daga wane gidan wasa aka samo waɗannan biyun.

"Ɗaya daga akwatin tsakuwa, ɗaya daga tafireta," in ji Sabohat-apa.

Ya sa hannu a takardar bai ƙara tambaya ba.

An yi zaton fim ɗin zai yi mako guda a silima a cire. Ya yi wata uku. Layi ya riƙa zagaye gini har bakin kasuwa. Motocin majigi suka kai shi Kulob da Garm da ƙauyukan kan dutse, tsofaffin da ba su taɓa zaman kallo ba suka zauna har ƙarshe. Samari suka mai da maganar shayin hanyar neman 'yan mata, har masu rumfar shayi suka gaji da jin ta. Shodmon ya hau bas ya ji wani yana kwaikwayon muryarsa a bayansa, ya ƙara jan hularsa ƙasa.

Amma a gidan aiki komai ya koma yadda yake. Ta koma tafireta, ya koma tsakuwa. Ƙarfe tara ya buɗe ƙofa, ta ce ta gode. Bambancin kawai yanzu takan ɗan tsaya, kamar mai jiran wani abu, shi kuwa harshensa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Tsoronsa ɗaya: a duhu ta ji muryarsa, in ya yi magana da rana fuskarsa za ta gani. Wata biyu suka wuce a haka, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Sabohat-apa ta kira shi ofis. "Kai, jira kake in sa a fassara maka wannan ma? Yarinyar nan ta fara buga mini harafi biyu a wurin ɗaya. Kana so ko ba ka so?"

"Ina so, apa."

"Da ƙarfi, ba na ji."

"Ina so."

"Kana da wanda zai je maka?"

Ya girgiza kai. Baffan ya rasu, sauran dangin sun watse.

Ranar Asabar ta yafa mayafinta mai kyau ta tafi gidan Hola Bibigul. Litinin ta dawo masa da amsa, ba ta rage masa komai ba. Shekara takwas da suka wuce wasu mata sun taɓa zuwa neman auren Mehrinisso. Da ta shigo da shayi suka ga tafiyarta, suka dubi juna, suka tashi ba su ko kurɓa ba. Yarinyar ta yi wata guda ba ta fita. Tun ranar tsohuwar ta rantse ba wanda zai ƙara shigo mata gida ya duba 'yarta kamar tunkiya a kasuwa.

"Na ce mata ta ji muryarka a fim," in ji Sabohat-apa. "Ta ce ta ji, sau biyu ma. Ta ce duk daɗin bakin nan 'yarta ce ta buga maka shi a takarda, aku ma in an koya masa yana faɗi. In kana da maganar kanka, ka zo da ƙafarka ka faɗa."

Ba al'ada ba ce namiji ya je nema wa kansa, amma wanda ba shi da gata shi ne gatan kansa. Lahadi da hantsi ya ari kwat ɗin Usto Rahmin, ya sayi gurasa huɗu masu zafi daga tanderu da ƙunshin alewa, ya nufi unguwar. A al'adar garin, in masu gida suka karya gurasar mai nema, sun ba da 'yarsu ke nan. Sau biyu yana wuce ƙofar gidan. A na uku wata maƙwabciya da ke shara ta ce, "Bawan Allah, in nan za ka, shiga, ƙofar ba ta cizo." Ya ƙwanƙwasa.

Hola Bibigul na zaune a gadon katako na tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi, tana tsintar shinkafa. Busasshiyar tsohuwa ce mai ido kamar na shaho. Ya gaishe ta hannu a ƙirji, ya ajiye gurasar, ya zauna a gefen gadon.

"Cire hular. Ɗago in gan ka."

Bai taɓa ɗaga wa kowa fuska da gangan ba. Ya ɗago, rana na dukanta, ya bar ta ta duba.

"Agana?"

"Agana, hola."

"Ta ɗauke mini ɗa, yana shekara huɗu." Ta koma kan shinkafarta. "To, ina ji. Ba takarda a nan."

Ya ji motsin tukunya daga ɗakin girki, ya san wadda ke ciki.

"Hola, ban iya magana ba, kin gani. Ba ni da uban da zai zo mini. Ɗaki ɗaya gare ni, da gado, da buta." Ya tsaya, ya sake farawa. "Ba tausayinta nake ji ba. In tausayi ne, ni na fi ta bukata. Shekara huɗu ina tashi da safe don ƙarfe tara ta yi. Kowa na son Lahadi, ni na tsane ta, don ba aiki, ba ta saukowa. Na gaji da tsanar Lahadi, hola."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin shinkafa.

"Kuma ba raba ku na zo yi ba. In kin yarda ni zan dawo nan. In gyara rufin can da ke yoyo."

"Wa ya ce maka rufina na yoyo?"

"Na ga kwano uku jere a baranda."

Ta yi wani sauti a hanci, tsakanin tsaki da dariya. Ta ɗaga murya wajen ɗakin girki. "Ke kuma kin laɓe kin bar albasa tana ƙonewa. Kin ji shi. Me kika ce?"

Mehrinisso ta fito da butar shayi. Ta ratsa tsakar gidan gaba ɗaya, a hankali, ba ta yi ƙoƙarin ɓoye tafiyarta ba, idonta a kan fuskar Shodmon tun daga ƙofa har gado. Ta zuba masa, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye da zafinsa har ya ƙona harshe.

"Hola," ta ce, "in ba ki karya gurasar nan ba, ni zan karya."

"Ji marar kunya. Shekara talatin ina zaton na reni kurma." Tsohuwar ta goge hannu a zanenta, ta yi bisimilla, ta ɗauki gurasa ta karya biyu. Hawaye na bin kuncinta tana cewa hayaƙin albasa ne.

An yi bikin da kaka, bayan an gama tsinkar auduga. Tukunya uku aka ɗora na osh, wato dafa-dukar shinkafa da nama da karas, don duk gidan fim sun zo, har da mutanen unguwa da suka ji cewa mai gadin jirgi ne zai auri mai wasiƙu. Usto Rahmin ya tsaya a matsayin uban ango. Ana tsakar ci sai ga Burhon, ba wanda ya gayyace shi, ɗauke da darduma a kafaɗa. Ya ajiye dardumar gaban ango, ya ce, "Sau biyu na shiga na kalla, a kujerar baya, na rufe fuska. Usto Shodmon, ka fi ni a wannan." Sannan ya zauna ya ci faranti biyu, ya tashi ya yi wa amarya waƙa da muryar nan tasa mai girgiza taga, wadda a ranar ta yi daidai da wurin.

Daga nan ba a ƙara barin su a tsakuwa da tafireta ba. Shodmon ya ɗora murya a fim sama da ɗari da arba'in, Mehrinisso ta yi kusan haka, daga baya ta koma karanta labarai a rediyo. Suka haifi uku, mata biyu da namiji. Hola Bibigul ta ƙara shekara goma sha tara, tana mulkin gidan, kuma duk wanda ya taɓa surukinta da magana sai ya ji a jikinsa. Fim ɗin kuwa har yau gidan talabijin kan sa shi lokacin Navruz, bikin sabuwar shekara da ake yi da bazara.

Bayan ya ajiye aiki wata sana'ar ta same shi, wadda bai nema ba. Wani maraya a unguwarsu, makaniki, ya rasa mai zuwa masa neman aure, ya zo ya roƙe shi. Shodmon ya sa hula ya je, aka ba su. Labari ya bazu. Duk saurayin da ba shi da uba, ko kunya ta ɗaure masa baki, ko yake da wata tawaya da yake tsoron a gani, sai a ce masa ya tafi wurin Usto Shodmon. Ba ya yin ado a magana, ba ya ɓoye aibu. Yakan zauna ya faɗi abin da yaron yake da shi da abin da ba shi da shi, sannan ya juya ya ce, "To, kai ma faɗi naka." Gida talatin da ɗaya ya shiga, biyu kaɗai suka hana, ɗaya daga cikinsu ma suka aiko daga baya.

Ya rasu yana da saba'in da tara, a gidan nan mai rumfar inabi. A shekarunsa na ƙarshe jikoki kan kewaye shi, yana ba su labari ɗaya bayan ɗaya har abinci ya yi sanyi. Wata rana babbar jikarsu ta tambayi kakarta ko gaskiya ne da can kaka ba ya magana.

"Gaskiya ne," in ji Mehrinisso, tana yanka karas. "Ni na jawo wa kaina. Tun ranar da bakin nan ya buɗe ban ƙara samun sararin ƙarasa zance ba."